Bawul ɗin da ya yi shiru shi ke ƙonewa

Jiya da yamma ka tare ni ina wanke hannu, ka ce: "Oga, yayana ya ba ni Hondarsa, End of Discussion mai silinda huɗu, in kwance hed, wato kan injin, a gida ranar Lahadi, gasket ya ƙone. Kuɗina kaɗan ne, wane kayan aiki zan fara saya? Kuma in na zo saitin tafet, in yi ta ɗaurewa har ƙarar nan ta kas-kas ta ɗauke?" Na ce ka bari sai na zauna, don ba maganar tsaye ba ce.

Bari in fara da ta biyun, ita ce ta fi tayar min da hankali. A'a, yarona, kada ka kuskura. 'Yar tazarar nan da ke tsakanin sukurun roka (hannun da ke danna bawul) da kan bawul, wadda ake daidaitawa a saitin tafet, ba lalacewa ba ce, da gangan aka bar ta. Ƙarfe in ya ji wuta miƙewa yake yi. Bawul ɗin hayaki kuwa cikin wuta yake wuni, kuma yawancin zafinsa yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In ka cinye tazarar tun inji na sanyi, da ya ɗau zafi bawul ba zai rufe ruf ba. Wuta ta samu 'yar kafa, ta riƙa bi ta gefe tana cin bakinsa kamar ana yanka shi da gas. Wanda ya yi sako-sako zai dame ka da surutu, ƙarfin mota ya ɗan ragu, shi ke nan. Wanda ya matse ba ya cewa uffan sai ya gama ɓarna.

Ni ma da kuɗina na sayi wannan karatun. Ina yaron gareji aka bar min wata Fijo 504 ta wani ɗan kasuwa mai ƙorafin ƙara. Na ɗaure da kunne har inji ya yi lum, mutumin ya ba ni na goro yana shi min albarka. Bai rufa sati uku ba, yana dawowa daga Akwanga da lodi, a Hawan Kibo motar ta fara tafiya da silinda uku. Da muka buɗe, bawul ɗin hayaki ɗaya ya gutsure a gefe kamar ɓera ya ci sabulu. Maigidana bai ɗaga murya ba. Miƙo min shi kawai ya yi, ya ce in sa a aljihu. Na yi wata guda yana huda min wando.

Don haka fila geji za ka fara saya, wannan mai siraran ganyen ƙarfe na auna tazara. Ka je Dilimi ka duba mai lambobin milimita a rubuce raɗau, ba wanda tsatsa ta ci ba, don ganyen da ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe ƙarya zai yi maka. A injin 2.4 na motar yayanka, bawul ɗin shan iska yana son 0.21 zuwa 0.25, na hayaki 0.28 zuwa 0.32. Ka ɗaga bonet ka duba takardar da ke manne, in tana nan, ita ce alƙali. Kuma inji da sanyinsa ake aunawa, kamfanin ya ce kada hed ya kai digiri 38. Mu nan Jos Allah ya hutar da mu, mota ta kwana a waje, da asuba ƙarfen har cizon yatsa yake.

Ka juya karanshaf da hannu har fistin na ɗaya ya hau ƙololuwa a bugun matsa iska, alamun taimin sun daidaita, rokokinsa duka suna ɗan motsi. Ka sassauta noti da sifana 10, ka zura ganyen, ka juya sukuru a hankali. Abin da kake nema shi ne ganyen ya riƙa ja kaɗan, kamar kana zaro takarda daga tsakiyar littafi mai kauri. Sai ka riƙe sukudireba gam ka ɗaure noti. Nan ne yara ke faɗuwa: noti in yana ɗauruwa yakan ja sukuru ya tafi da shi. Ka sake aunawa bayan ɗauri, ko da ka rantse bai motsa ba. Daga nan rabin juyi, ka koma na uku, sai na huɗu, sai na biyu.

Kada ka ɗauka kowace mota haka take, ka je kana neman sukuru inda babu. Golf 3 tafet ɗinta da baƙin mai yake aiki, shi ke saita kansa. Corolla mai injin 1ZZ kuwa kofuna ne masu kauri daban-daban, sai ka auna, ka yi lissafi, ka cire kamshaf ka canja kofin.

Na biyu da za ka saya tok renc, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Yana da tsada, in kuɗin bai kai ba ka ɗauki nawa, ka dawo min da shi a sassauce, ba a cillar da shi cikin akwati. Kusoshin hed ba da ƙarfin damtse ake ɗaure su ba. Kwancewa daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe. A wannan injin ana kai su 39 a ma'aunin Nm, sannan a ƙara kwatan juyi sau biyu. Ka ɗiga fenti a kan kowace kusa don kada ka rikice. Ramukan kusoshin kuma ka tsane su, ruwa ko mai in ya kwanta a ƙasa yana iya tsaga bulo.

Abin matse sifirin ɗin bawul ara za ka yi. Na san ka ga ana ɗora soket a buga guduma, 'yan makullan su yi tsalle su fita. A gareji ma rarrafe muke muna nemansu, balle tsakar gidanku mai yashi da kaji. Ka shimfiɗa buhu, ka samu kwali ka huda ramuka 16, ka rubuta lamba, kowane bawul ya koma ramin da ya fito. Robobin wuyan bawul sababbi za ka sa, tun da ka riga ka buɗe.

Niƙan bawul da hannu ake yi, da sandar nan mai roba a baki, kana murzawa tsakanin tafuka kana ɗagawa kana juyawa. Ban yarda da dirilin lantarki ba. Man niƙa kaɗan, kada ya taɓa sandar bawul, kuma ka wanke shi tas, don yashi ne. In zobe mai ruwan toka ya zagaye baki ba yankewa, ya isa. Ka haɗa sifirin, ka kifa hed, ka zuba kananzir a kwarin, ka je ka yi sallah ka dawo. In ya tsatso ta baya, da sauran aiki.

Amma kafin duk wannan, gasket ba ya ƙonewa haka kawai. Motar ta yi zafi, hed ɗin kuma alminiyom ne, yana iya karkacewa. Ka kankare shi, ka kawo min ranar Asabar mu ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe. In ganyen 0.05 ya wuce ta ƙasa, sai wurin masu fere hed. Ka taho da tamostat ɗin da murfin lagireto, ka kuma tambayi yayanka yaushe rabon da ya ji fanka ta tashi.