Amosanin gaɓɓai tun ƙuruciya: likita ya amsa tambayoyinku

Wani matashi daga Kawo: Likita, tun ina ɗan shekara 9 nake fama da amosanin gaɓɓai. A gida ana cewa wankan ruwan sanyi ne ya ja min. Haka ne?

A'a, Malam. Garkuwar jikinka ce ta rikice take kai wa fatar da ke shimfiɗe cikin gaɓɓai hari. Hunturu kan sa mutum ya ƙara jin ciwon, amma ba shi ya kawo shi ba. Ka yi wanka da ruwan ɗumi da safe, kar kuma ka daina zuwa asibiti.

Wata uwa daga Rigasa: 'Yata tana da shekara 11. Tun tana 6 gwiwoyinta da yatsunta suke kumbura, da safe ko kofi ba ta iya riƙewa. An yi mata tsaga da ƙaho. Yanzu mai kemis yana haɗa mana magani, ta samu sauƙi, har ta yi kumatu. Mu ci gaba?

Hajiya, wannan tambayar ce ta fi tayar min da hankali. Kumatun nan da kike murna da su ba ƙibar lafiya ba ce. Alamu sun nuna akwai dexamethasone ko prednisolone a cikin haɗin, irin wanda ake kira sha-ka-fashe. Yana kwantar da kumburi nan take, shi ya sa kowa ke yabon mai kemis. Amma idan yaro ya yi watanni yana sha ba lissafi, fuska ta kumbura, tsayi ya tsaya, ƙashi ya yi rauni, ga barazanar ciwon suga da hawan jini. Galibi kuma akan cusa diclofenac a ƙullin, wanda ke iya jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda. Ƙwayoyi a leda, ba suna, ba kwali, a ba yarinya safe da yamma! Wallahi abin yana ba ni takaici.

Sai dai ki saurare ni da kyau: kar ki yanke mata maganin lokaci ɗaya. Jikinta ya riga ya dogara da shi, idan aka tsayar kwatsam tana iya galabaita, jininta ya faɗi. Likita ne zai riƙa ragewa a hankali. Ki ɗauki ledar yadda take, ki kai yarinyar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke nan Kaduna ko na Shika a Zariya cikin satin nan, ki nuna musu.

Maganar tsaga kuwa, ba wani mataccen jini a gwiwar da aska za ta fitar. Tabo kawai za a bar mata, wataƙila da cutar hanta idan askar ta zaga. Ba sammu ba ne, ba kuma sawun aljani ta taka ba. Kumburin gaɓa da ya fara kafin shekara 16 ya kuma wuce sati 6 ciwo ne da asibiti ya sani. Akwai magunguna irin su methotrexate da ke hana shi cinye gaɓa. Sukan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsu, a nan ne iyaye da yawa ke gajiya su koma kemis. Ki daure. Yatsan da ya riga ya lanƙwashe da wuya ya miƙe, don haka jinkiri ba naku ba ne.

Abu na ƙarshe, a duba idonta. Ciwon nan a jikin yara yakan shiga ido shiru, ba ja ba zafi, sai gani ya fara raguwa. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa nan Kaduna, ki kai ta ko da ba ta ce komai ba.

Wata budurwa daga Tudun Wada: An sa ranar aurena, ina shan methotrexate. Zan iya haihuwa?

Allah ya sanya alheri, ƙanwata. In sha Allahu za ki iya, amma ba kina kan wannan maganin ba, domin yana illata ɗan tayi. Ki ga likitanki kafin biki. Akan dakatar da shi watanni kafin a ɗauki ciki, a sauya da wani kamar hydroxychloroquine. Ki kuma gaya wa angon gaskiya tun yanzu. Tunatarwa ga duk mai shansa: sau ɗaya ne a sati, ba kullum ba, tare da folic acid da gwajin jini a kai a kai.

Wani magidanci daga Kakuri: Ɗana yana kukan ciwon ƙashi. Amosani ne ko sikila?

Ba zan iya rabewa daga nan ba. A yi masa gwajin jini na sikila, likita ya taɓa gaɓɓan da hannunsa. Idan da zazzaɓi, ko gaɓa ɗaya ta yi zafi ya kasa takawa, yau za ku tafi, ba gobe ba.

Wata ɗaliba daga Unguwar Rimi: Motsa jiki ba zai ƙara lalata min gwiwa ba?

Zaman ne zai sandarar da ita. Ki riƙa 'yar tafiya da miƙe gaɓɓai kullum, ranar da kumburi ya tashi ki huta. Ki roƙi likitanki ya tura ki sashen gashin ƙashi su koya miki irin motsin da ya dace da ke.