Anya gawar ƙwari za ta iya nuna zafin da aka yi shekaru dubbai da suka wuce?

Tambaya: Malam don Allah naji ance wai masana na tono laka daga ƙasan tafki su faɗi irin zafin bazarar da aka yi shekara 10,000 baya, kuma wai daga ragowar ƙwari. Wannan ba shaci-faɗi bane kuwa?

Amsa: Toh ɗan'uwa ba shaci-faɗi bane, amma dai abin yana da iyakarsa. Akwai wasu 'yan ƙwari masu kama da sauro sai dai basa cizo, a kimiyyance Chironomidae ake ce musu, tsutsarsu a lakar ƙasan tafki take girma tana saɓa, shi kuma ƙoƙon kan da ta yar tauri gareshi baya ruɓewa, nan zai zauna sabuwar laka tana binne shi shekara bayan shekara.

Sai a soka dogon bututu a zaro lakar, a yanka ta siri-siri, a auna shekarunta da kabon 14 (wato hanyar gano tsufan ragowar abin da ya taɓa rayuwa), a wanke a tace, sannan mutum ya duƙufa kan maikiroskof yana tsintar kawunan ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, aikin cin rai ne wallahi don kowane yanki ana son aƙalla kai 50. Tsarin haƙoransu ake dubawa a gane jinsin. Heterotrissocladius na ruwan sanyi ne, Dicrotendipes kuwa sai inda akwai ɗumi.

To ya ake maida wannan digiri? Ana zuwa tafkunan yanzu da aka san zafin iskar yankinsu na watan Yuli a ga su waye ke zaune ciki, a Turai an haɗa tafki 274 na Norway da Switzerland aka fitar da ma'auni, kuskurensa kusan digiri 1.5 ne. Da irin wannan hanyar aka ga sanyin da ya dawo a ƙarshen zamanin ƙanƙara (lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da wasu sassan duniya) tsakanin shekaru 12,900 zuwa 11,700 da suka wuce ƙarara a lakar tafkin Kråkenes na Norway.

Amma fa bazara kaɗai suke faɗa maka, don lokacin suke girma su fito su hayayyafa, sanyin hunturu ba ruwansu sosai tunda suna ƙarƙashin ƙanƙara. Kuma ana iya ruɗuwa, idan mutane suka fara noma a gefen tafki taki ya gangara ciki iskar oksijin ta ragu a ƙasa, sai Chironomus, wani jinsinsu mai jure ƙarancin oksijin da aka fi samu a ruwan ɗumi, ya yi yawa kaga kamar zafi aka yi alhali ba haka bane. Shi yasa ni na fi sakin jiki da sakamakon ƙarshen zamanin ƙanƙara, na bayan zuwan manoma kam sai an gwada shi da ƙurar furanni da ke cikin lakar tukuna.