Amsa ga Ɗan Ƙanwata Kan Al'adun Ajin Anatomi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tun da kuka fara darasin anatomi da fiziyoloji, wato ilimin ƙirar jikin mutum da na yadda sassansa ke aiki, malamai suka ɗora muku wasu al'adu ba tare da bayani ba: dama da hagu sai an juya su, suna sai na Latin, gawa sai an lulluɓe ta, waya ba ta shiga ɗakin fiɗa, ko ɗan kitse aka yanke sai an sa shi a bokitinsa. Kana son ka san ko gado ne kawai ake bi don an taras ana yi, da kuma wacce za ka riƙe, wacce za ka saki. To ka sani, yawancinsu sai da aka yi ɓarna kafin a kafa su. Akwai kaɗan da ni ma zan ce ka yar, amma ba cikin waɗanda ka lissafa suke ba.

Duk bayanin da ke littafinku an ɗora shi ne a kan tsayuwa guda: mutum a miƙe, fuska gaba, hannuwa a gefe, tafukan hannu suna kallon gaba, manyan yatsu suna nuna waje. Ko gawa na kwance rub da ciki, ko majinyaci ya dunƙule a gado, da wannan tsayuwar ake siffanta shi. Dalilin juya tafin hannu kuwa, gwada shi yanzu a jikinka. Manna gwiwar hannunka a haƙarƙari, ka buɗe tafin sama, ka sa yatsun ɗaya hannun ka bi ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwar hannu da tsintsiyar hannu. A jere suke. Yanzu kifa tafin. Za ka ji ƙashin da ke gefen babban yatsa ya hau kan ɗan'uwansa ya gicciye shi. Da ba a tsayar da matsayi ɗaya ba, abin da wani ya kira gefen waje shi wani zai kira gefen ciki.

Dama da hagu kuma na mai jikin ne, ba na mai kallo ba. Hanta da maɗaciya suna damansa, saifa na hagunsa. Huhun dama kashi 3 ne, na hagu 2, don zuciya ta ci wuri a can. Tsinin zuciya yana bugawa a rata ta biyar tsakanin haƙarƙarin hagu, a saitin tsakiyar ƙashin wuya. Hoton ƙirji ana rataye shi tamkar mai shi yana fuskantarka, hoton sikan da ya yanka jiki a kwance kuma ana karanta shi tamkar kana tsaye wajen ƙafafunsa kana kallon kansa. A duka biyun, damansa na hagunka. Ɗalibin da bai mai da wannan jiki ba zai rasa maki yau, gobe kuma abin ya wuce maki, domin an sha yi wa mutane tiyata a ɓangaren da lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa jerin abubuwan da ake dubawa kafin tiyata, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, ya ƙunshi tabbatar da cewa an yi alama a wurin da za a yanka. Daga yau duk gaɓar da take da biyu, kada ka rubuta sunanta ba ka faɗi ɓangarenta ba.

Sunayen Latin da Girkanci ba don a wahalar da ku ba ne. A da gaɓa ɗaya kan ɗauki suna da yawa, kowace ƙasa da nata, wasu ma da sunan wanda ya fara bayaninta. A 1895 masana suka zauna a birnin Basel na Switzerland suka tace sunayen, jerin da ake aiki da shi yanzu kuma ya fara fitowa ne a 1998. Kada ka haddace su a dunƙule. Ka koyi gutsattsarin da ake haɗa su da su, na zuciya, hanta, ƙoda, ƙashi, jini, da ɗafe-ɗafen da ke nufin kumburi, cirewa, sama da, ƙasa da, kewaye da. In ka riƙe waɗannan, sabon suna da kansa zai gaya maka inda abin yake. Idan malami ya soke maka amsa saboda harafi ɗaya, kada ka ji haushi: ileum ƙarshen ƙaramin hanji ne, ilium kuwa faffaɗan ƙashin ƙugu.

Sai maganar gawa, kuma a nan nake son ka nutsu.

Me ya sa ake zuwa wajenta alhali ga littafi, ga hotuna a kwamfuta? Jalinusu, likitan ƙarni na 2 wanda aka bi maganarsa fiye da shekara dubu, yawancin fiɗarsa a kan birai da wasu dabbobi ya yi, ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne. Abdullaɗif al-Bagdadi ya duba tarin ƙasusuwan mutane a Masar wajen shekarar 1200, bayan wata yunwa, ya ga ƙashi ɗaya ne. Ibnun Nafis a ƙarni na 13 ya musanta cewa jini na ratsa bangon da ya raba zuciya biyu, ya ce ta huhu yake bi. Vesalius, wani likitan Turai, a 1543 ya gyara kurakurai masu yawa don da hannunsa ya yi fiɗa. Gani ya kori ji. Har yau littafi abin da ya fi yawa a mutane yake nuna maka, gawa kuma mutum ɗaya take nuna maka, da jijiyar da ta rabu a inda littafi bai ce ba, da ƙodar da ke da jijiyar jini biyu maimakon ɗaya.

Amma hanyar samun gawarwaki tana da tarihi mai muni, kuma daga nan tsananin ya samo asali. A 1828, a Edinbara, wasu mutum biyu, Burke da Hare, suka kashe mutum 16 suka sayar da gawarwakinsu ga mai koyar da fiɗa. A 1832 Birtaniya ta yi dokar da ta tsara lamarin, sai dai ita ma a kan talakawan da suka mutu ba mai karɓar gawarsu nauyin ya sauka. An daɗe kafin a iso ga abin da ya dace, wato mutum ya ba da jikinsa da yardarsa, ko danginsa su yarda. Wanda ke kan teburinku yana da suna, yana da 'yan'uwa. Saboda haka ba a ɗaukar hotonsa, ba a laƙaba masa sunan wasa, ba a ba da labarinsa a cikin mota ko a intanet. Hoto guda da ya nuna fuska ko wani tabo ya isa a gane shi, kuma makarantu na korar ɗalibi a kan wannan. Ni ina ganin sun yi daidai.

Bokitin da ka raina, lambarsa ɗaya da lambar teburin, ɗaya da alamar da ke ɗaure a jikin gawar. Duk fata da kitse da aka cire nan suke shiga, domin idan an gama a haɗa mutum da dukkan sassansa a binne shi ko a yi masa yadda aka yi alkawari. Safar hannu da takarda ba sa shiga wannan bokitin, kuma naman wani tebur ba ya shiga na wani. Alamar nan ba a cire ta ko da wane dalili.

Lulluɓi yana da fuska biyu. Sutura ce, shi ya sa wurin da ake aiki a kai kaɗai ake buɗewa, fuska da hannuwa kuma galibi a naɗe suke har sai an zo darasinsu. Kuma kariya ce ga aikin kansa. Naman da aka bari a buɗe yana bushewa ya yi baƙi ya yi tauri, ƙananan jijiyoyi su karye, kuma abin da ya bushe ba ya dawowa. Don haka kafin ku tashi, a fesa ruwan jiƙawar da aka ba ku, a mai da fatar da aka ɗage mazauninta, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sannan a ja leda. In kun ga fumfuna ta fara fitowa a wani wuri, ku faɗa wa mai kula da ɗakin a ranar, don tana yaɗuwa zuwa sauran tebura.

Kai ma akwai abin da ke kare ka. Fomalin da ake adana gawa da shi yana sa hawaye da ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma tun 2004 hukumar duniya mai binciken cutar daji ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin masu haddasa cutar. Ka sa farar riga, da safar hannu, da rufaffen takalmi, da tabarau na kariya. Ba a ci, ba a sha a ɗakin. Mai juna biyu ta sanar da malami tun farko. Ruwan aska da hantsaki ake sa shi a mariƙinsa, da shi kuma ake cirewa, ba da yatsa ba, sannan a jefa shi a akwatin abubuwa masu kaifi. Ka ci abinci kafin ka shiga, don mai yunwa ya fi saurin jin jiri. In jirin ya zo, zauna nan take, kada ka tsaya jarumta da aska a hannu.

Askar ma fata kawai aka yi ta dominta. Da ka wuce fata, ajiye ta. Ka soka bakin almakashi a rufe, ka buɗe shi a hankali tare da tsawon jijiyar, nama zai rabu ta inda dama yake da rabuwa. Mai gaggawa da aska shi ke datse abin da aka turo shi nema. Kuma kada ka sa ran ganin ja da shuɗi da rawaya irin na littafi, wannan launin masu zane ne. A gawa komai ya koma ruwan ƙasa, sai da taɓawa ake bambancewa. Jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zagayayya ce mai kaurin bango, ka matsa ta ka saki ta dawo. Mai mai da jini zuciya bangonta siriri ne, a lotse take, sau da yawa da daskararren jini mai duhu a ciki. Jijiyar saƙo ba ta da rami sam, ka murza ta tsakanin yatsu ka ji ta kamar igiya mai zare-zare. Ko da zuciyar tunkiya kaɗai za a ba ku, hannun nan ɗaya ne: tsinke ka zura a kowace kafa ka ga ɗakin da ya ɓulla, ka gwada kaurin bangon ɗakin ƙasa na hagu da na dama. Na hagu ya ninka wajen sau uku, domin shi ke tura jini duk jiki, na dama huhu kaɗai yake kaiwa.

A ajin fiziyoloji jikin abokanka ne abin aiki, to ladabin bai canza ba. Ka nemi izini kafin ka taɓa, abin da ka auna kuma sirrinsa ne. Awon hawan jini yana da ƙa'ida: wanda za a auna ya zauna minti 5, hannu a saitin zuciya, maɗaurin ya dace da kaurin hannunsa, ka riƙa sakin iska maki 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ba da lamba sama da gaskiya, saurin sakin iska kuma yana sa ka wuce bugun farko. Ba a jin bugun jini da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun. Jijiyoyin wuya biyu ba a danna su lokaci guda, mutum na iya suma. Lamba kuma ba ta tafiya ba ma'auninta: zuciya na tura kimanin mililita 70 a bugu ɗaya, sau 70 a minti, wato kusan lita 5. Ƙoda na tace wajen lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita kimanin lita ɗaya da rabi ne kawai, sauran duk an mai da shi jini. Wanda ya riƙe lissafin nan ba ya buƙatar haddace shi.

A madubin ƙara girma ma haka, daga ƙaramin gilashi ake farawa, mai ninki 4, sannan 10, sannan 40. Babban mamurɗin saita gani a ƙaramin ninki kawai ake taɓa shi, in ba haka ba ka fasa gilashin samfurin.

Al'adun da zan ce ka saki na ɗalibai ne. Na farko, maimaita karanta shafi ana shafa masa launi har a ji kamar an iya. Na biyu, tara karatu sai daren jarrabawa. Na uku, dogaro da 'yan waƙoƙin tuna jerin sunaye. Suna da amfani wajen jera jijiyoyin ƙwaƙwalwa 12 ko ƙasusuwan tsintsiyar hannu 8, amma ba za su nuna maka ko ɗaya a jiki ba, kuma a jarrabawar da ake soka allura a gaɓa a ba ka minti ɗaya ko makamancinsa kafin ƙararrawa, ido da hannu ne ke amsawa. Ƙasusuwa 206 ba a koyonsu a dare ɗaya. Rufe littafin ka zana daga ka, sannan ka buɗe ka gyara da wani launin biro. Ɗauki ɗigon jini daga babban yatsan ƙafa ka bi da shi har zuciya, huhu, ya dawo zuciya, ya isa ƙoda, kana faɗin kowace jijiya da kowace ƙofa da babbar murya. Inda ka tsaya, nan ne karatun gobe.

Kowace gaɓa kuma ka tambaye ta abu biyu: me ke maƙwabtaka da ita, kuma me zai faru in ta lalace? Akwai jijiyar saƙo da ke zagaya bayan ƙashin da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, manne da shi. In ƙashin ya karye a tsakiya yana iya taɓa ta, sai hannu ya saki daga tsintsiya, mutum ya kasa ɗaga shi, don ita ke ba tsokokin miƙewa umarni. Bututun iskar huhun dama ya fi na hagu faɗi da gajarta da miƙewa, shi ya sa abin da yaro ya shaƙa ya fi faɗawa can. Irin wannan tambayar ka riƙa kai wa malamanku a ƙarshen kowane darasi.

Ka gaida mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'a.

Kawunka