Filin 'Yan Gem: Wai sitol wasa ne ko cin rai?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato gem ɗin Pokémon, inda ake haɗa dodanni faɗa, da masu jan wasa, abun da 'yan gem ke ce ma sitol. Na ɗauko guda uku, na ɗan rage masu tsawo, na farkon kuma sai da na cire zagin da ke ciki tukunna.

Tambaya ta farko:

Salam Yaya mai fili. Dan Allah ka raba ni da wani abu. Jiya da daddare na hau Pokémon Showdown, shafin da ake buga faɗan Pokémon a intanet, in buga gem ɗaya kafin in kwanta, sai na haɗu da wani mutum ya zo da Blissey da Toxapex da Dondozo da ire-irensu, wallahi sai da muka wuce zagaye 130, shi ba ya kawo hari ba ya komai, in na daki wannan ya janye ya sako wancan, ya warke, ya sake janyewa, har cajina ya kusa ƙarewa na fita na bar masa. Wannan wasa ne ko mugunta? Kuma ya ake karya irin mutanen nan? Daga ƙaninka mai jin haushi.

Amsa:

Ƙanena sannu, na san zafin nan, ni ma an mun. Amma inda ka ce "ba ya komai" nan ne ban yarda ba, kuma nan ne ma aka ci ka. Mutumin nan tun zagayen farko yake dukanka, kawai dai ba da hannu ba ne, da lissafi ne. Ɗauki Toxic kaɗai. Zagayen farko gubar tana cire kashi 1 cikin 16 na jinin dodonka, na biyu kashi 2, na uku kashi 3, haka take hawa. Tara 1 da 2 da 3 da 4 da 5, ka samu 15 cikin 16, kaga a zagaye na shida dodon da ko ƙwarzane ba a masa ba ya faɗi. To in ka janye shi lissafin gubar ya koma farko, shi ya sa kake ta canji, shi kuma canjin nan naka shi yake so, don ya riga ya zuba maka tarko a fili. Stealth Rock, wanda ya shigo da gem ɗin Diamond da Pearl a 2006, yana cire kashi 1 cikin 8 duk shigowa, in kuma irin su Charizard ne ko Volcarona rabin jini cif yake kwashewa. Spikes tun Gold da Silver na 1999 yake nan, yanzu ana jera shi har hawa uku, in ya cika uku kashi 1 cikin 4 ne ga duk wanda ya taka ƙasa. Ka tsaya guba ta ci ka, ka gudu ƙaya ta soke ka. Yau da gobe ai ita ke sa allura ta haƙa rijiya.

Su kuma nasa dodannin ba haka kawai ya kwaso su ba, kowa da aikinsa. Blissey jininta na asali 255 ne, babu wanda ya fi ta a duk gem ɗin, kuma tana shanye harin sihiri kamar ruwa, amma garkuwarta ta dukan jiki 10 ce kacal, abun tausayi. Don haka in ka fito da mai dukan jiki sai ya janye ta ya sako Dondozo, wanda baiwarsa Unaware ce, ma'ana ko ka yi Swords Dance sau uku ka cika ƙarfi, shi a wajensa kamar ba ka yi komai ba. Toxapex kuma yana da Regenerator, duk fitar da zai yi daga fili kashi 1 cikin 3 na jininsa ke dawowa kyauta, ba tare da ya ɓata zagaye ba. Tun zamanin da ake haɗa Skarmory da Blissey tsarin kenan, wannan ya rufe ƙofar da wancan ya bari a buɗe.

Mugunta ce? Ni dai a'a. Dokar wasa ta ce wanda dodanninsa shida suka ƙare shi ya faɗi, ba ta ce cikin minti nawa ba. Kuma ka duba ta wajensa, kai kuskurensa ɗaya kake jira, shi kuwa dole ya yi daidai sau ɗari a jere.

Yanzu maganar karyawa. Gaskiyar da ba a son ji ita ce yawanci tun wajen haɗa tim ake faɗuwa a hannun mai sitol, kafin ma a fara. In duka shidanka masu duka ne kawai ba mai wata dabara, to sai dai addu'a. Abu na farko da zan ce ka saka shi ne Knock Off, don yana kaɓar da kayan da dodo ke riƙe da shi. Tun da Sword da Shield suka kawo Heavy-Duty Boots a 2019, takalmin da ke hana tarkon fili taɓa mai shi, masu sitol suka rungume shi, za ka ga tim mutum huɗu ko biyar duk da takalmi. Cire wa Blissey takalmin nan alhali ka zuba Spikes hawa uku da Stealth Rock, duk shigowarta kashi 3 cikin 8 ya tafi, dole ta tsaya ta yi Soft-Boiled ta warkar da kanta, shi kuma Soft-Boiled ɗin tun Scarlet da Violet na 2022 sau 8 kawai ake iya yinsa, da can 16 ne. Haka aka rage wa sauran motsin warkewa irin su Recover da Roost da Slack Off. Kaga yanzu kai ne ke ƙirga masa.

Sai Taunt, wanda ke hana duk wani motsi da ba hari ba na zagaye uku, babu warkewa babu guba. Heatran ya yi suna da wannan, ya ɗaure Blissey da Magma Storm ta kasa fita, wuta na cin kashi 1 cikin 8 duk zagaye, ya ɗora mata Taunt ta kasa warkewa, sai dai fa Magma Storm ɗin 75 ne cikin 100 yake samu, ranar da ka fi buƙatarsa ranar yake kuskurewa. Akwai Trick, ka liƙa wa bangonsa, wato dodonsa mai shanye duka, Choice Scarf, duk shigowarsa ya maƙale a motsi ɗaya har sai ya fita daga fili. Akwai Psyshock, harin sihiri ne amma garkuwar jiki yake duka, wato daidai inda Blissey ke ciwo. Gholdengo kuwa kamar don su aka ƙera shi, Toxic ba ya kama shi, Seismic Toss ɗin Blissey ba ya taɓa shi tunda fatalwa ne, sannan yana tare Rapid Spin da Defog masu share tarko, tarkonka ya zauna daram. Ba sai ka kwaso duka ba, biyu sun isa, amma ka adana su, kar ka jefa dodonka mai karya bango a zagaye na biyar don zuciya ta ɗebe ka. Kuma dan Allah ka daina cewa "gem ɗaya kafin in kwanta" da caji kashi goma.

Tambaya ta biyu:

Malam barka da aiki. Ni akasin mutane ce, sitol ɗin nake so in koya, don na lura ba ni da saurin yanke shawara amma ina da haƙuri. Na haɗa tim na dodanni shida masu tauri amma kullum sai a cinye ni, wani lokacin ma dodo ɗaya ne zai share ni gaba ɗaya. Me nake yi ba daidai ba? Daga wata 'yar'uwa mai bibiyar filinku.

Amsa:

'Yar'uwa barka kadai, kuma na ji daɗin tambayar nan. Ban ga tim ɗinki ba amma zan iya rantsuwa matsalar ita ce kin tara masu tauri ne, ba ki raba masu aiki ba. Tauri kaɗai ba ya cin wasa. Dodo ɗayan nan da ke share ki, na tabbata tsayawa yake a gaban wani bangonki da ba ya iya masa komai, ya yi ta ƙara ƙarfi hankali kwance, in ya cika sai ya bi ku ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa mai Unaware, irin Dondozo ko Clodsire ko Clefable ko Quagsire, ko mai Haze da zai goge ƙarin, ko mai Whirlwind ya kore shi waje. Bayan wannan ki tambayi kanki wa zai zuba tarko, wa zai share wanda aka zuba maki, wa zai karɓi Knock Off ba tare da tim ya rushe ba. Gliscor yana da kyau a nan, in Toxic Orb ɗinsa, kayan da ke sa wa mai riƙe da shi guba, ya riga ya kama shi to ko an kaɓar da shi ba asara, gubar ma warkar da shi take, kashi 1 cikin 8 duk zagaye. Alomomola kuma ga Wish, ta warkar da wanda ba ya iya warkar da kansa.

Sannan tambayar da sabbi ke mantawa: da me za ki kashe? In babu guba babu ƙuna babu tarko, zama kawai kike, ba wasa ba.

Amma abun da ya fi duk wannan shi ne ƙirga, kuma a nan zan ba ki labarin kaina don ki ji yanda yake. Akwai wani wasa da na yi, ni da wani shi ma mai sitol, mun wuce zagaye 200, kowa ya rage da dodo biyu, babu mai iya kashe wani, abun ya koma wa PP ɗinsa, wato adadin sau nawa za a iya yin kowane motsi, zai fara ƙarewa, don duk wanda motsinsa suka ƙare sai Struggle, shi kuma Struggle duk yi ɗaya yana cire wa mai yinsa kashi 1 cikin 4 na jininsa. Ina da Corviknight mai Pressure, wanda ke sa duk motsin da aka nufe shi da shi ya ci PP biyu maimakon ɗaya, don haka a lissafi ni ke gaba. Na ajiye takarda a gefe ina jan layi duk lokacin da ya yi Recover, ɗaya, biyu, har bakwai. Sai aka kira ni a waya, na amsa da kunne ɗaya ina danne-danne da hannu ɗaya, ina ajiye wayar na duba na ga ashe Roost na yi ta dannawa sau uku a jere alhali jinina a cike yake. Uku cikin takwas, a banza. Shi kuwa bawan Allah bai ɓata ko ɗaya ba, canji kawai yake yi tsakanin dodanninsa biyu, tunda canji ba ya cin PP. Can wajen zagaye 240 na nemi Roost na rasa. Ya rubuto mun "gg", wato wasa ya yi kyau, na daɗe ina kallon takardar nan da layukanta bakwai.

To ki koyi wannan tun yanzu, in ba abun yi ki canza, kar ki ƙona motsi. Kuma kar ki bar jini ya sauka ƙasa da rabi kina cewa ai zan warke a zagaye na gaba, don bugun sa'a, wanda ake ce ma kirit, yana zuwa sau 1 cikin 24 a lissafi, ya ƙara rabin ƙarfin dukan a kai. Mai wasan zagaye 20 zai iya gamawa bai gamu da shi ba, ke da za ki sha duka sau ɗari dole ki gamu da shi, ba sau ɗaya ba ma. Saurin yanke shawara da kika ce ba ki da shi ba matsala ba ne sosai, amma in abokin wasa ya kunna agogo a Showdown to ki kula, ana faɗuwa ta nan ma.

Tambaya ta uku:

Yaya, wai gaskiya ne an taɓa haɗa dodon da wasa ba ya ƙarewa da shi har abada? Kuma me ya sa ba na ganin sitol a gasar duniya da nake kallo a YouTube? Daga wani ɗalibi.

Amsa:

Gaskiya ne ɗan'uwa. Slowbro ne aka haɗa wa Block ya hana ka fita, da Leppa Berry da Recycle don PP ɗinsa kar ya ƙare, da Slack Off ya warkar da kansa, sannan da Heal Pulse ya riƙa warkar da kai abokin gaba don kar Struggle ya kashe ka ka huta. Kaga wannan ba neman nasara ba ne, neman ka gaji ka fita ne, kuma wannan kam ko ni na yarda mugunta ce. Shi ya sa Smogon, masu tsara dokokin wasan a Showdown, suka kafa dokar hana wasa marar ƙarshe, Showdown kuma in an kai zagaye 1000 sai ya raba ku kunnen doki.

Gasar duniya kuwa tsarinta daban ne, tsarin da ake kira VGC ake bugawa, biyu da biyu a fili, ka zo da shida ka zaɓi huɗu, ga agogo na gudu a kan kowa. Bango ɗaya ba zai iya shanye dukan dodo biyu a lokaci guda ba, su taru a kansa su kayar, don haka jan wasa na zagaye ɗari ba shi da wurin zama. Abun da za ka gani a can ɗan guntun jinkiri ne, a yi Protect a kare kai daga hari a ci zagaye ɗaya don Tailwind ko Trick Room na abokin gaba, masu canza wanda zai riga kai hari na 'yan zagaye, ya ƙare, ko a yi Perish Song, waƙar da ke kayar da duk dodon da ya ji ta in bai fita ba, a hana ka fita a yi ta kare kai har ƙirgen uku ya cika. In ka sake kallo ka lura da zagayen da duka dodanni biyun suka yi Protect tare, ka duba saura zagaye nawa Trick Room ya ƙare, za ka gane me suke jira.