Kawu, wane gida za mu koma?

Kawu, na ga saƙonka a zauren dangi na WhatsApp, inda ka ce tunda kowace damina ruwa na cin gidajenmu a Akra, babban birnin Ghana, me ya hana mu tattara mu dawo gida. Allah ya ƙara girma, wane gidan? Fataucin goro ne ya kawo kakanmu tun zamanin Turawa, a nan ya rasu, a nan kabarinsa yake. Ni kuwa a unguwar Alajo aka yanke mini cibiya, gab da kogin Odaw.

Ruwa kam yana cin mu, ba ma musu. Daren 3 ga Yuni, 2015 sama ta ɓalle, Odaw ya cika ya batse don leda da shara sun toshe shi. Mutane suka fake a gidan man GOIL da ke Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, fetur ya bi saman ruwa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, Shugaba John Mahama ya sa makokin kwana uku. Wannan kun gani a labarai.

Abin da ba ku gani ba shi ne washegari. Ana idar da asuba liman ya ce kada matashi ko ɗaya ya bar unguwa sai an kwashe laka daga ɗakunan tsofaffi. Kafin hantsi katifu sun hau rufin kwano, allunan yara na jingine jikin bango suna tsanewa. Matan da murhunsu ya tsira suka dama koko a babbar tukunya, suka soya ƙosai, kowa ya miƙo kwano, ba wanda ya tambayi Bahaushe ne, Dagomba ne ko Zabarma. Uwar adashi ta juya layi, wadda ta fi yin asara ita ta fara kwasa. Da kuɗin nan aka sake sayen kekunan ɗinki da tiren waken safe. Kayan agajin hukuma sun zo, amma sun same mu a tsaye.

Sai maganar da kuka daɗe kuna yi mini a bayan ido, wai na tsallake 'ya'yan Hausawa na auri 'yar ƙabilar Ga, 'yan asalin Akra. To, da ɗakinmu ya zama tafki, gidan surukata muka nufa a Osu. Kirista ce, ba ta fashin coci. Ta ba mu ɗakinta ta koma falo, ta ware mana tukunya da ludayi. Azumi ya kama muna can, ita ke ƙwanƙwasa mana ƙofa lokacin sahur. Jikokinta suna jin Ga, suna jin Hausa, babban ya kusa sauka. Ku ci gaba da dariya don yaranmu na ce wa mace "ya zo". Ran Juma'a dai da Hausar nan ake wa'azi daga Nima har Sabon Zango.

Kuma ba yau garin ya fara gwada mu ba. Kakata ta sha ba mu labarin girgizar ƙasa ta 22 ga Yuni, 1939, yadda bango ya tsage suka koma kwanan fili, har gwamnatin Turawa ta gina sabbin gidaje irin na Korle Gonno. Har yau ƙasar kan motsa ta wajen Weija. A 1969 dokar Firayim Minista Busia ta kori baƙi, wasu danginmu suka tafi Najeriya, kai ka fi ni sanin sunan da aka riƙa kiransu da shi a can.

Laifinmu na nan, har gobe ana zuba shara a kwata da daddare, ana gini a kan hanyar ruwa. Amma da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ban ji ka ce mutanen Maiduguri su tashi ba. In Allah ya nufa ka zo, ka bari Yuni ya wuce. A gaida Inna.