Amsa ga ƙanenmu mai shirin "A Rana Irin Ta Yau"

Salamu alaikum ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, inda ka ce an ba ka minti biyar kowace safiya a rediyo ka riƙa tuna wa mutane abin da ya faru a rana irin ta yau a tarihin kiɗan rok da pop na Turawa, kana neman sanin ko ranakun haihuwar mawaƙa kaɗai za su riƙe maka shirin. Na bari sai da na yi sallar asuba na zauna, don maganar tana da ɗan tsawo. Na sayar da kaset shekara goma sha ɗaya, daga baya na riƙe irin wannan shirin a wata tasha kusan shekara huɗu, kuma na sha kunya a cikinsa fiye da sau ɗaya.

Amsar a taƙaice: ba za su riƙe ba. Ranar haihuwa cikon benci ce. Ka ce "yau aka haifi wane", ka faɗi garinsu, ka saka faifai, shi ke nan, mai sauraro ya tashi hannu rabbana. Sati biyu za ka yi a haka mutane su gane salonka, su riƙa juya tasha lokacin da ka shigo. Ranar haihuwa tana amfani ne idan ta ja wani labari a bayanta.

Ɗauki 8 ga Janairu. Ranar aka haifi Elvis Presley a 1935, a Tupelo ta jihar Mississippi, ranar kuma aka haifi David Bowie a Landan a 1947. Idan ka tsaya nan, kalanda ka karanta. Amma Bowie ya fitar da faifansa na ƙarshe ranar da ya cika shekara 69, wato 8 ga Janairun 2016, ya rasu bayan kwana biyu, kuma kusan babu wanda ya san yana fama da ciwon daji sai makusantansa. Wannan labari ne da direban tasi zai rage gudu ya saurara. Haka 16 ga Agusta: ranar haihuwar Madonna ce a 1958, ranar da Elvis ya rasu a gidansa na Memphis a 1977, kuma ranar da Aretha Franklin ta rasu a 2018. Minti biyar ba za su ishe ka ba ranar nan, sai ka zaɓi ɗaya ka bar sauran wa baɗi.

Bari in ba ka labarin kunyata ta farko, don kada ka faɗa ramin da na faɗa. Wani ɗan'uwa ya kawo mini wata tsohuwar mujalla daga Amurka mai jerin ranaku a bayanta, na ɗauke ta kamar na tsinci dami a kala. Na ga an rubuta 1/8/1935 a gaban sunan Elvis. Ranar 1 ga Agusta na shiga ɗakin watsa shiri da fara'ata, na yi masa kirari, na saka waƙoƙinsa biyu. Kafin in cire abin kunne wayar tasha ta yi ƙara. Wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, muryarsa a sanyaye, ya ce: "Yaro, Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana." Bai ƙara komai ba ya ajiye. Na kwana uku ina jin maganar nan a kunnena. Tun daga ranar, duk kwanan watan da na gani da lambobi zalla ba na yarda da shi sai na ga inda aka rubuta sunan watan da haruffa.

Rami na biyu bambancin lokaci ne. An harbe John Lennon, ɗan ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles, a ƙofar gidansa a New York ranar Litinin 8 ga Disamban 1980, kusan ƙarfe goma sha ɗaya na dare a can. A nan kuwa lokacin an kusa kiran asalatu ne na Talata 9 ga wata. Ina ɗan sakandare a lokacin, a rediyon yayana na ji labarin da safe muna shan koko, saboda haka a ƙwaƙwalwata 9 ga wata ya zauna shekara da shekaru. Ni ban yi ƙarya ba, littafi ma bai yi ba, amma a shiri sai ka bi ranar wurin da abin ya faru. Idan ka ga dama ka gaya wa masu sauraro cewa mu nan sai da safe labarin ya riske mu, wannan ma yana ƙara wa shirin armashi.

Na uku kuma, abu ɗaya yakan zo da ranaku biyu. Rawar nan ta Michael Jackson da yake zamewa da baya kamar ƙasa na jansa, ranar 25 ga Maris 1983 ya yi ta a gaban jama'a, a bikin cikar kamfanin fayafai na Motown shekara 25, amma sai 16 ga Mayu aka nuna ta a talabijin, ranar ne duniya ta gani. Woodstock, babban bikin kiɗan nan na Amurka, ma haka: an tallata shi kwana uku, 15 zuwa 17 ga Agustan 1969, amma ruwan sama da jinkiri suka ja shi har safiyar Litinin 18 ga wata, lokacin da Jimi Hendrix ya hau dandamali mafi yawan jama'a sun riga sun watse. Fayafai kuwa sau da yawa ranar fitarsu a Ingila daban, a Amurka daban. Ka zaɓi ɗaya, ka faɗi wacce ka zaɓa.

Yanzu ga ranakun da ni nake ganin su ne ƙashin bayan shirin, ranakun da wani abu ya juya. 5 ga Yulin 1954, Elvis yana ɗan shekara 19, direban mota a wani kamfanin lantarki, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Sun a Memphis, ya ɗauki waƙar wani baƙin mawaƙi, Arthur Crudup, ya ƙara mata gudu. Idan za ka ba da labarin nan don Allah ka ambaci sunan Crudup, domin mutumin ya mutu bai ci moriyar waƙarsa yadda ya kamata ba, kuma tarihin rok cike yake da irinsa. Ni ma a shirina ban yi wa Chuck Berry da Little Richard adalci ba sai daga baya, alhali su ne tushen abin. 6 ga Yulin 1957, Lennon ya haɗu da Paul McCartney, wanda daga baya suka yi Beatles tare, a wani bikin coci a unguwar Woolton ta Liverpool, ɗaya shekara 16, ɗaya 15. 3 ga Fabrairun 1959, ƙaramin jirgi ya faɗi a jihar Iowa da Buddy Holly mai shekara 22 da Ritchie Valens mai shekara 17 da Big Bopper, duk mawaƙan uku suka mutu. 9 ga Fabrairun 1964, Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, kimanin mutum miliyan 73 suka kalla, daga nan ƙofar Amurka ta buɗe wa makaɗan Ingila.

Amma abin da ya fi jawo mini kiran waya shi ne inda tarihin nan ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1973 McCartney ya zo Legas ya ɗauki yawancin faifan Band on the Run a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI da ke Apapa. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa wani dare suka tafi da kaset ɗin da ya tara waƙoƙin a ciki, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da McCartney ya kunna wa Fela abin da ya ɗauka ya ji da kunnensa. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, ya zauna a Legas ya gina nasa ɗakin ɗaukar sauti. James Brown ya zo Nijeriya a ƙarshen 1970. Stevie Wonder ya zo FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna. Mawaƙiya Sade a Ibadan aka haife ta, 16 ga Janairun 1959. Freddie Mercury a Zanzibar, 5 ga Satumban 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara. Duk ranar da na faɗi wannan sai an sami mai musu.

Sai 13 ga Yulin 1985, ranar Live Aid, da aka yi wasan kiɗa a Wembley ta Landan da Philadelphia ta Amurka lokaci guda don tara wa Habasha kuɗin yunwa. Kada ka gabatar da ita kamar ranar shagali kawai. Farin shekarun nan bai tsaya a Habasha ba, ya taɓa Nijar da arewacinmu, akwai masu sauraronka da suka rasa dabbobinsu a 1984. Na taɓa yin ranar nan da raha, wata baiwar Allah ta kira ta ce ita abin da take tunawa da shekarar shi ne layin karɓar hatsi.

Game da mutuwa, ka yi hattara da labarin 'yan shekara 27. Gaskiya ne Brian Jones da Hendrix da Janis Joplin da Jim Morrison duk sun mutu suna da 27, tsakanin Yulin 1969 da Yulin 1971, har Jones da Morrison duk 3 ga Yuli suka mutu, shekara biyu tsakani. Matasa suna son a ce musu wani asiri ne ko yarjejeniya da aljanu. Ni dai na faɗi abin da aka sani, giya da ƙwaya da rayuwar da ba barci, in wuce.

Ka sayi littafi mai kauri irin na 'yan kasuwa, ka ba kowace rana shafinta, 366 har da 29 ga Fabrairu. Duk abin da ka tabbatar a wuri biyu ka rubuta da biro, wanda ka gani a wuri ɗaya ka rubuta da fensir. Nawa yana nan a akwati, gara ta ci gefen Nuwamba. Idan kana so zan ɗauki hoton shafukan Fabrairu in turo nan, don a can za ka tarar da ranar haihuwar Bob Marley, 6 ga wata, kuma ko ka so ko ka ƙi masu sauraronka za su nemi ka saka shi, ko da ka ce musu shirin ba na rege ba ne.