Amfanin auna zubi da kuɗin tsakiya a wasan poka

Malam, ka tambaya ko lissafin kwatanta abin da za ka zuba da kuɗin da aka tara a tsakiya a wasan kati na poka yana da amfani lokacin yanke shawarar bin zubin abokin wasa, wato zuba daidai abin da ya zuba. Yana da amfani ƙwarai, domin shi ne yake nuna maka farashin katin da kake jira.

A ce akwai dala 100 a tsakiya, abokin wasa ya zuba 50, sai kuɗin ya zama 150. Idan ka bi da 50, jimilla ta kai 200, 50 ɗinka kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne nata, wato sai damarka ta cin wasan ta wuce kashi 25 cikin 100 kafin bin ya zama riba. To, a poka irin ta Tekzas, idan kana da kati 4 masu alama ɗaya kuma saura kati guda a buɗe, 9 ne kawai cikin 46 da ba ka gani ba za su cika maka kati 5 masu alama ɗaya, abin da bai kai kashi 20 ba. A nan ajiye kati, wato fita daga wannan zagaye, ya fi, tunda damar ba ta kai kashi 25 ɗin ba.

Sai dai lissafin ba ya ƙirga kuɗin da za ka iya ci daga baya idan katinka ya fito, kuma ba ya gaya maka ko abokin wasa barazana kawai yake yi, don haka dole ka riƙa lura da yadda yake zubi.